Darasi na 14: Ɗan Ƙasa da Ƙuri'arsa

Wannan darasi ya fi waɗanda suka wuce tsawo. Kada a yi gaggawa. A karanta kashi ɗaya ko biyu a zama guda, a tattauna, sa'an nan a ci gaba.

1. Tambayar dattijo

Wata rana mun ziyarci ajin manya a wani ƙauye. Da aka gama karatu, muka ce ko akwai mai tambaya. Sai wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ni ina da ita, amma ba ta karatu ba ce. Ina ji a rediyo ana cewa mulki na jama'a ne. To, ni ma cikin jama'a na ke. Ga shi furfura ta cika mini kai, ban taɓa ganin nawa kason ba. A ina a ke raba shi?"

Aji duka aka yi dariya, mu ma muka yi. Amma da muka koma gida, sai muka ga tambayar Baba ba ta dariya ba ce. Mutane da yawa suna da ita a ciki, ba su dai furta ba. Saboda haka muka rubuta wannan darasi don mu amsa masa, shi da duk mai irin tambayarsa.

2. Makiyayin gari

Bari mu fara da abin da kowa ya sani. In damina ta faɗi, ba a barin dabbobi suna yawo, don kada su shiga gonaki. A garuruwa da yawa mutane su kan haɗa awakinsu da tumakinsu su ba mutum ɗaya kiwo. Da safe kowane gida ya koro nasa bakin gari. Makiyayi ya ɗauki sandarsa ya tasa su gaba. Da yamma ya komo da su.

To, mu lura da abu huɗu. Na ɗaya, masu dabbobi su ke zaɓen makiyayi. Na biyu, su ke biyansa lada. Na uku, da yamma kowa ya kan ƙirga nasa, ya duba ko sun ƙoshi. Na huɗu, in makiyayi ya yi sakaci, baɗi sai a nemi wani. Sanda tana hannunsa, gaskiya ne, amma garke ba nasa ba ne.

Mun saba jin ana cewa shugaba makiyayi ne, jama'a su ne garkensa. Ana faɗin haka don shugaba ya tuna amanar da ke wuyansa, kuma magana ce mai kyau. Amma a irin mulkin da mu ke ciki akwai wani abin da ya kamata mu ƙara sani. Mu ba tumakin ba ne. Mu ne masu tumakin. Abin da muka ba da kiwo shi ne dukiyar ƙasa, da makarantu, da asibitoci, da hanyoyi, da rijiyoyi, da zaman lafiyarmu. Wanda muka zaɓa, aro muka ba shi sanda, kuma aron yana da wa'adi.

Wannan irin mulki shi a ke kira dimokuraɗiyya. Kalmar daga harshen mutanen Girka ta fito. Ma'anarta, mulkin jama'a.

3. Wane ne ɗan ƙasa?

Ƙasarmu tana da babbar doka wadda ta fi sauran dokokinta duka. Sunanta Tsarin Mulki. Wanda mu ke aiki da shi yanzu ya fara aiki a 1999. Sashe na 14 ya nuna cewa mulki na mutanen Nijeriya ne, daga wurinsu gwamnati ta ke samun ikonta. Ya kuma nuna cewa babban aikin gwamnati shi ne tsaron jama'a da jin daɗinsu.

Sashe na 25 ya faɗi wane ne ɗan ƙasa ta haihuwa. Wanda aka haifa a Nijeriya, in uwarsa ko ubansa ko ɗaya daga kakanninsa ɗan Nijeriya ne, to, shi ma ɗan ƙasa ne. Ba a ce sai mai dukiya ba. Ba a ce sai ɗan sarauta ba. Ba a ce sai namiji ba. Manomi da maƙeri, mai dawo da mai koko, Bafulatanin ruga da attajirin birni, duk ɗaya su ke a wannan wuri.

Ɗan ƙasa yana da haƙƙi. Yana da ikon yin addininsa. Yana da ikon faɗin ra'ayinsa. Yana da ikon shiga ƙungiya ko jam'iyyar da ya ga dama. Yana da ikon zama a duk inda ya so cikin ƙasa. In an tuhume shi da laifi, tilas a kai shi gaban alƙali a ji ta bakinsa.

Ɗan ƙasa kuma yana da nauyi a kansa. Tilas ya bi doka, ya biya harajin da ya hau kansa, ya girmama haƙƙin maƙwabcinsa, ya taimaka wa garin da ya ke zaune. Haƙƙi da nauyi kamar mangala su ke a bayan jaki. In gefe ɗaya ya fi nauyi, kaya ba su kai kasuwa.

4. Yadda ƙuri'a ta iso gare mu

Shawara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun da can akwai masu zaɓen sarki. A Kano, alal misali, su ne Madaki, da Makama, da Sarkin Bai, da Sarkin Dawaki Mai Tuta. Amma talaka ba a tambayarsa. Da Turawa suka zo, suka sa Razdan a kowane lardi, aka ci gaba da mulki ta hannun En'e. Talaka yana biyan haraji, mai shanu yana biyan jangali, ba mai tambayar inda kuɗin suka tafi.

A 1947 aka buɗe majalisa a Kaduna, amma ba talakawa suka zaɓi wakilanta ba. A 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin makaranta daga Bauci, ya miƙe cikin wannan majalisa ya nemi a gyara En'e, a riƙa jin muryar talaka. A shekarar kuma aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda daga baya Malam Aminu Kano ya shugabanta. A 1951 Jam'iyyar Mutanen Arewa, watau NPC, ta zama jam'iyyar siyasa. Ita ce Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, ya zo ya shugabanta.

Zaɓen 1951 hawa-hawa aka yi shi. Maza masu biyan haraji su taru a ƙauye su fid da 'yan mutane. Waɗannan su tafi gunduma su fid da wasu daga cikinsu. Haka a ke ta tacewa har lardi, inda a ke fid da masu zuwa Kaduna. Kafin a kai ƙarshe, muryar ɗan ƙauye ta ɓace a hanya.

Ranar 12 ga Disamba, 1959, aka yi zaɓen Tarayya. A nan ne kowane namiji ɗan Arewa mai shekara 21 ya sami ikon jefa ƙuri'a da hannunsa, a ɓoye. Kujeru 312 ne, 174 daga cikinsu na Arewa. Da ya ke yawancin mutane ba su iya karatu ba, kowace jam'iyya tana da alama. Ta NPC fartanya, ta NEPU tauraro, ta NCNC zakara. Kowane ɗan takara da akwatinsa, da alamarsa a jiki. Mutum ya shiga shi kaɗai, ya jefa takardarsa a akwatin da ya so. Bayan wata tara da 'yan kwanaki, ranar 1 ga Oktoba, 1960, Nijeriya ta sami mulkin kai.

Amma an bar rabin jama'a a baya. A zaɓen 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, matan Arewa ba su jefa ba. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya tana cikin waɗanda suka yi ta fafutuka a kan wannan, har aka ɗaure ta sau da yawa. Sai a 1976, wajen zaɓen ƙananan hukumomi, matan Arewa suka fara zaɓe. Tsarin Mulkin 1979 ya tabbatar da haka. Tun daga nan duk mai shekara 18, namiji ko mace, yana da ƙuri'a.

Har wa yau, ƙuri'a ta taɓa kuɓuce mana. Soja sun karɓi mulki a 1966, ba su mayar ba sai 1979. Suka sake karɓa a ƙarshen 1983. An yi zaɓen shugaban ƙasa ranar 12 ga Yuni, 1993, aka soke shi. Mulkin farar hula bai zauna ba sai 29 ga Mayu, 1999. In an haɗa, wajen shekara 29 muka yi a hannun soja.

Mun kawo wannan tarihi don mu san ƙuri'a ba tsintuwa ba ce. Wasu sun sha ɗauri kafin ta zo hannunmu. Abin da aka sha wuya kafin a samu, ba a wasa da shi.

5. Su wa mu ke zaɓa?

Gwamnati hawa uku ce.

Hawa na farko, ƙaramar hukuma. Akwai 774 a ƙasa duka. A nan mu ke zaɓen kansila da shugaban ƙaramar hukuma. Kasuwa, da tasha, da maƙabarta, da kwashe shara, da rajistar haihuwa da mutuwa suna cikin aikinsu. Suna kuma da hannu a makarantar firamare da ƙaramin asibiti.

Hawa na biyu, jiha. Akwai 36. A nan mu ke zaɓen gwamna da ɗan majalisar jiha. Yawancin makarantun sakandare, da manyan asibitoci, da hanyoyin jiha suna hannunsu.

Hawa na uku, Tarayya, mai mazauni a Abuja. A nan mu ke zaɓen shugaban ƙasa, da sanata, da ɗan Majalisar Wakilai. Sanatoci 109 ne, uku daga kowace jiha, ɗaya daga Abuja. 'Yan Majalisar Wakilai 360 ne. Soja, da kwastan, da buga kuɗi, da hulɗa da ƙasashen waje na Tarayya ne.

Shugaban ƙasa, da gwamna, da 'yan majalisa, wa'adinsu shekara huɗu ne. Shugaban ƙasa da gwamna ba a zaɓensu fiye da sau biyu. Tun 2018 mai shekara 25 yana iya neman kujerar majalisar jiha ko ta Wakilai.

Ba a tara iko duka a hannun mutum ɗaya. Majalisa ke yin doka, ta kuma amince da yadda za a kashe kuɗi. Shugaban ƙasa ko gwamna ke zartarwa. Kotu ke raba gardama. Kamar duwatsun murhu ne guda uku. In aka zare ɗaya, tukunya ta kife.

Sarki, da hakimi, da dagaci, da mai unguwa iyayen ƙasa ne. Su ke sulhu, su ke ba da shawara, girmansu yana nan. Amma tun gyaran 1976 ƙaramar hukuma ce ta maye gurbin En'e. Saboda haka in rufin makaranta ya yaye, mu gaya wa mai unguwa, amma mu sani kansila da shugaban ƙaramar hukuma su ne za mu kama da tambaya.

6. Ranar zaɓe

Tun ran gini, ran zane. Wanda ba shi da katin zaɓe ba shi da ƙuri'a. Hukumar zaɓe ta ƙasa, watau INEC, ita ke yin rajista ta ba da kati. Ba a biyan ko kwabo. Kada mu ba kowa ajiyar katinmu, kome daɗin bakinsa.

Ranar zaɓe sai mu tafi rumfarmu da wuri, mu bi layi. A kan ba tsofaffi, da masu ciki, da naƙasassu dama su fara. Ma'aikaci zai duba kati ya tabbatar mu ne. A zaɓen 2023 wata na'ura ce ta yi wannan aiki, tana duba yatsa ko fuska. Sa'an nan a ba mu takardar ƙuri'a. A jikinta akwai alamun jam'iyyu da baƙaƙen sunansu. Mu keɓe, mu sa yatsa a tawada, mu dangwala a gida ɗaya tak, kusa da alamar da mu ke so. Mu naɗe takarda da hankali don kada tawada ta taɓa wani gida. Sai mu jefa a akwati.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, ƙuri'a fiye da 900,000 suka lalace, ba a ƙirga wa kowa su ba. Mutane sun sha rana a layi, wahalarsu ta tafi a banza.

Ƙuri'a asiri ce. Ba wanda ke da ikon tilasta mu nuna inda muka dangwala. Maigida yana iya ba matarsa shawara, uba yana iya ba ɗansa, amma a wurin dangwalawa kowa shi kaɗai ne da zuciyarsa.

In an gama jefawa, a nan rumfar a ke ƙirgawa, a gaban jama'a da wakilan jam'iyyu. A faɗi sakamako da ƙarfi, a rubuta, a manna. Muna iya tsayawa cikin natsuwa mu gani. Doka ba ta ce sai mai karatu zai yi zaɓe ba. Amma wanda ya iya karatu shi zai duba takardar da aka manna, ya ga ko 86 da aka faɗa ita aka rubuta, ko kuwa ta zama 68. Ga amfanin zamanmu a wannan aji.

7. "Ƙuri'ata guda ɗaya me za ta yi?"

Mu kan ji wannan magana ko'ina. Wasu kuma su ce, "Ai sun riga sun rubuta wanda zai ci." Ba za mu ɓoye muku ba, ana yin maguɗi a wurare, an kuma yi alkawura da yawa ba a cika ba. Mai wannan magana ba mahaukaci ba ne. Amma ga labari uku mu auna.

Na ɗaya. A 1979 mutanen Jihar Kano suka zaɓi Abubakar Rimi gwamna, mutanen Jihar Kaduna suka zaɓi Balarabe Musa. A lokacin Jigawa tana cikin Kano, Katsina tana cikin Kaduna. Da hawansu suka soke haraji na kai da jangali. Abin da kakanni suka yi ta gudu daji saboda shi, ƙuri'a ta kau da shi.

Na biyu. A 2015 shugaban ƙasa mai ci, Goodluck Jonathan, ya faɗi zaɓe. Ya buga wa Muhammadu Buhari waya ya taya shi murna, ya kuma sauka da wa'adinsa ya cika. Wannan ne karo na farko a tarihin Nijeriya da ƙuri'a ta sauke shugaban ƙasa mai ci.

Na uku. A zaɓen gwamnan Sakkwato na 2019, Aminu Waziri Tambuwal ya sami ƙuri'a 512,002, Ahmed Aliyu ya sami 511,660. Mu ɗebe mu gani. Ratar 342 ce kawai. Jihar tana da ƙananan hukumomi 23. Da mutum 15 sun ƙaru a gefe guda a kowace ƙaramar hukuma, da labari ya sāke. Mutum 15 ba su kai 'yan ajin nan ba.

Yanzu ga abin takaici. A 2023 mutum fiye da miliyan 93 ke cikin rajista, amma waɗanda suka jefa ƙuri'a a zaɓen shugaban ƙasa ba su cika miliyan 25 ba. Watau cikin mutum huɗu, wajen ɗaya ne ya fita. Ukun da suka zauna a gida ba su tsira daga mulki ba. An dai zaɓa musu ne. Kuma mai maguɗi ya fi jin daɗin rumfar da ba kowa. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma sai in yawan ya fito.

8. Mai sayen ƙuri'a

In zaɓe ya matso, wasu su kan zo da atamfa, da sabulu, da taliya, da kuɗi. Bari mu yi lissafi. Shekara huɗu kwana 1,461 ne. A ce an ba mutum naira 5,000 don ƙuri'arsa. In an raba 5,000 gida 1,461, kowace rana ta tashi naira uku da 'yan kwabbai. A kan wannan ya sayar da bakinsa shekara huɗu.

Ku tuna da makiyayin gari. Mu ne mu ke biyansa lada. In wani ya zo ya ce shi zai biya mu don mu ba shi kiwo, ai kowa zai yi tsaki ya ce akwai magana. Me ya gani cikin garken? Wanda ya kashe dukiya ya sayi kujera, daga kuɗin maganin asibitinmu zai fanshe. Ran da muka je masa da kuka, sai ya ce ai ya riga ya biya mu.

Mun san talauci yana da zafi. Ba mu raina wanda yunwa ta sa ya miƙa hannu. Amma mu sani doka ta hana saye da sayar da ƙuri'a, mai ba da kuɗin da mai karɓa duk masu laifi ne. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Maimakon haka, in ɗan takara ya zo, mu tambaye shi. Me ka taɓa yi wa jama'a kafin yau? Aka ba ka amana a da, yaya ka riƙe ta? Abin da ka yi alkawari, yana cikin ikon kujerar da ka ke nema? In mai neman kansila ya ce zai gina jami'a, mun san inda maganarsa ta tsaya.

9. Ƙirga da yamma

A nan ne yawancinmu mu ke sakaci. Mu kan jefa ƙuri'a mu koma gida, sai bayan shekara huɗu. Wane mai tumaki ne zai ba da kiwo ran farkon damina, bai ƙara ƙirgawa ba sai kaka?

Kuɗin gwamnati namu ne. Akwai kuɗin man fetur da na kwastan, waɗanda a ke rabawa kowane wata tsakanin Tarayya, da jihohi, da ƙananan hukumomi. Akwai kuɗin da a ke karɓa a kasuwa da tasha. Ko katin waya muka saya, akwai haraji a ciki. Saboda haka in an haƙa mana rijiya, mu yi godiya don ladabi, amma mu sani ba sadaka aka ba mu ba.

Ga abin da za mu iya yi tsakanin zaɓe da zaɓe.

Mu san sunan kansilanmu da na ɗan majalisarmu, da inda a ke samunsu.

Mu taru mu yi shawara, mu fid da bukata ɗaya ko biyu da suka fi damun gari. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. A ji ta bakin mata, domin su suka fi sanin nisan rijiya da halin asibiti.

Mu rubuta bukatar a takarda, da kwanan wata, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. Mu ajiye kwafi ɗaya. Maganar baki iska ce, rubutu ba ya musu.

Mu tafi mutum biyar ko goma, cikin ladabi. In ba a amsa ba, mu koma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mu leƙa makarantar 'ya'yanmu, mu ga ko malamai suna zuwa. In an fara aiki a gari, mu karanta allon da aka kafa, mu ga wa ya ba da aikin, wa aka ba. Tun 2011 akwai dokar Tarayya da ta ba ɗan ƙasa ikon neman bayani a rubuce daga ma'aikatun gwamnati.

In ɗan majalisa ya juya wa mutanensa baya ƙwarai, Tsarin Mulki ya ba da hanyar yi masa kiranye tun wa'adinsa bai cika ba. Sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓarsa sun sa hannu, hukumar zaɓe ta tantance, sa'an nan a jefa ƙuri'a a kansa. Hanya ce mai wuya. Wadda ta fi sauƙi ita ce mu riƙe lissafi, mu jira shi ranar zaɓe.

10. Abokin hamayya ba abokin gaba ba ne

A gida ɗaya wa yana iya bin jam'iyya daban, ƙane ya bi daban. Wannan ba laifi ba ne. Zaɓe kwana ɗaya ne, zumunci na har abada. Wanda ya faɗi kuma yana da amfani, domin shi zai sa wa wanda ya ci ido.

In mutum yana ganin an zalunce shi, akwai kotun zaɓe. Mu koma kan labarin Sakkwato. Wanda ya faɗi da ƙuri'a 342 kotu ya tafi, har Kotun Ƙoli, bai yi nasara ba. Ya jira, ya sake tsayawa a 2023, ya ci.

Ɗaya hanyar kuwa mun ga ƙarshenta. Bayan zaɓen 2011 tarzoma ta tashi a jihohin Arewa, mutum fiye da 800 suka rasa rayukansu cikin 'yan kwanaki. Yawancinsu talakawa ne irinmu. Ba kujerar da ta sāke saboda jininsu. Iyaye, mu ja wa samarinmu kunne. In wani ya ba yaronmu ƙwaya da gora ya ce ya yi masa banga, mu tambaye shi ina nasa 'ya'yan.

11. Amsa ga Baba

To, Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, ga amsarka. Kasonka na mulki ba a buhu a ke kawo shi ba. Kashi uku ne. Na farko katin nan da ke aljihunka. Na biyu bakinka, da za ka yi tambaya da shi ba tsoro, ba rashin kunya. Na uku idonka, da za ka yi ƙirga da shi. Kowanne ƙarami ne in kai kaɗai ne. In gari ya haɗa nasa, makiyayi zai san garken da masu shi.

Kalmomin da za a koya

Ɗan ƙasa. Ƙuri'a. Wakili. Majalisa. Mazaɓa. Wa'adi. Tsarin Mulki. Kiranye.

A rubuta kowace sau uku. A kula da ƙugiyar ɗ, da ƙ, da ɓ.

Tambayoyi

1. Faɗi abu huɗu da ke tsakanin masu dabbobi da makiyayin gari.
2. A wace shekara mazan Arewa duka suka fara jefa ƙuri'a da hannunsu? Mata fa?
3. Ƙananan hukumomi nawa ne a Nijeriya? Mene ne sunan tamu?
4. Me ke lalata takardar ƙuri'a?
5. Ɗebe 511,660 daga 512,002. Nawa ya rage?
6. In rijiyar gari ta rushe, wa za mu fara nema, kuma ta yaya?

Aikin aji

Malamin aji ya raba ɗalibai gida biyu. Kowane gida ya fid da bukata ɗaya ta gari. A rubuta su biyun a allo. Kowa ya rubuta wadda ya zaɓa a 'yar takarda, ya naɗe, ya jefa cikin ƙwarya. A ƙirga a gaban kowa. Wadda ta ci, aji duka su haɗu su rubuta wa kansila wasiƙa a kanta. Mako mai zuwa a fid da waɗanda za su kai.